Tambayoyi da amsoshi kan kula da masu cutar sikila da yi musu adalci a Tawa da Yamai

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye, matasa masu shirin aure, malaman makaranta da su kansu masu fama da cutar sikila, wadda a nan Nijar aka fi sani da emasi ko amosanin jini, suka fi yawan yi. An amsa su da la'akari da halin da ake ciki a jihar Tawa da kuma birnin Yamai, inda akan tura majinyaci idan jinyarsa ta fi ƙarfin asibitocin jiha. Bayanin ba zai maye gurbin ganin likita ba.

Mece ce cutar sikila, kuma me take yi wa jiki?

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, wanda yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya rarraba ta ga sassan jiki. Mai sikila ya gaji wani nau'i na wannan sinadari wanda likitoci ke yi wa alama da harafin S, kuma da zarar iskar ta yi ƙaranci ko ruwan jiki ya ragu, sai sinadarin ya dunƙule, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta kasa ratsa ƙananan hanyoyin jini. Inda hanya ta toshe nan ciwo yake tashi, galibi a ƙasusuwa, baya, ƙirji da ciki. Ban da haka, ƙwayoyin ba sa daɗewa: lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa tsakanin kwana 10 da 20 take mutuwa, shi ya sa kullum jininsa yake ƙasa, idanunsa kuma kan yi ruwan ɗorawa har a zaci shawara ce. Tun a 1910 wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, ya bayyana siffar waɗannan ƙwayoyi, a 1949 kuma Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin sinadarin ne. Cutar ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare, ko taɓa jiki, ko kwana ɗaki ɗaya.

Gaskiya ne daga wajen uwa yaro yake gadonta?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan kuskure ya kashe aure da yawa ba gaira ba dalili. Kowane mutum yana karɓar rabin gadon jininsa daga uba, rabi daga uwa. Wanda ya sami A daga ɓangarorin biyu shi ne AA. Wanda ya sami A daga ɗaya, S daga ɗayan, shi ne AS, kuma shi ba majinyaci ba ne, irin cutar kawai yake ɗauke da shi, yana iya noma da fatauci har ya tsufa bai san yana da shi ba. Yaro ba ya zama SS sai uba ya ba shi S, uwa ma ta ba shi S. Idan miji da mata duka AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi SS, kashi 50 a haifi AS, kashi 25 a haifi AA, kuma lissafin sabo yake komawa da kowane ciki, don haka ana iya haifar uku a jere masu cutar, ana kuma iya haifar shida ba ko ɗaya. Akwai kuma wani nau'in da ake kira C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana amma akwai shi a nan ma, kuma idan ya haɗu da S yakan ba da SC, wadda ita ma sikila ce ko da yake sau da yawa ta fi sauƙi.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne gidan da ke da mace fiye da ɗaya. Idan maigida AS ne, uwargida AA, amarya kuma AS, to ƴaƴan uwargida ba za su taɓa yin cutar ba, na amarya ne kaɗai za su iya yi, sai dangin miji su yanke hukunci cewa daga gidansu ta kwaso. Alhali kuwa rabin abin da ya kwantar da yaron daga jinin ɗansu ya fito. Haka nan matan da ake cewa suna wabi saboda ƴaƴansu na rasuwa tun suna ƙanana, ya kamata a gwada jininsu da na mazajensu kafin a fara zargin mayu ko iskoki.

Me ya sa cutar ta yi yawa a ƙasashenmu?

Saboda zazzaɓin cizon sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka, cewa yaro mai AS ya fi tsira daga mummunar masassarar sauro, don haka a inda sauro ya daɗe yana kisa masu ɗauke da S suka yi ta rayuwa suna hayayyafa. Wannan kariya ba ta shafi mai SS ba. Shi masassarar sauro tana iya halaka shi cikin kwana ɗaya ko biyu. A Nijar ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da S. Auren zumunci ba shi ke haifar da cutar ba, amma idan irin yana cikin dangi yakan ƙara yiwuwar masu ɗauke da shi su haɗu.

Wani babban ƙiyasi na duniya da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa a 2021 an haifi jarirai kusan 515,000 da cutar, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a Afirka kudu da Sahara, kuma mutum kimanin miliyan 7.7 ke rayuwa da ita. A ƙarshen 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa cutar matsala ce ta lafiyar al'umma, daga nan ake tunawa da ita kowace ranar 19 ga Yuni. Alƙaluman da suka fi ciwo su ne waɗannan: a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da aka haifa da cutar suna girma su zama manya, yayin da a yankunan Afirka da ba a gano ta da wuri ake ƙiyasta cewa rabi ko fiye ba sa cika shekara biyar. Mafi yawan abin da ya raba waɗannan alƙaluma biyu abubuwa ne masu araha, waɗanda a can ake yi kan lokaci, a nan kuma ake yi a makare.

Wane gwaji ne ke tabbatar da matsayin mutum?

A nan akwai kuskure biyu da suka zama ruwan dare. Na farko, mutane da yawa suna riƙe da katin rukunin jini mai ɗauke da A, B, AB ko O, suna ɗauka sun riga sun yi gwajin sikila, alhali rukunin jini daban, nau'in himogulobin daban. Na biyu, gwajin Emmel da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji yana nuna cewa akwai S a jini ne kawai, ba ya bambanta AS da SS, ba ya ganin C, kuma ba abin dogaro ba ne ga jariri. An sha tayar wa iyaye hankali da sakamakonsa a kan yaro mai AS wanda lafiyarsa ƙalau. Gwajin da ke rabe gaskiya shi ne wanda ake kira ilektiroforesi, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini sai ya jira kamar wata uku kafin ya yi shi, don kada jinin da aka ƙara masa ya ɓata sakamakon.

Yanzu akwai ƙananan kayan gwaji da ke aiki da ɗigon jini ɗaya, su ba da sakamako cikin mintoci, ba su buƙatar lantarki. Irinsu ne ya kamata a ce suna kowace cibiyar lafiya ta ƙauye daga Madawa zuwa Abalak, a gwada jariri ranar da aka kawo shi rigakafin farko, domin alamun cutar ba sa bayyana sai ya kai wata biyar ko shida, lokacin da jinin da ya zo da shi daga ciki ya fara ƙarewa. Ghana ta fara gwajin jarirai a Kumasi tun 1995 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, don haka ba abu ne da ya gagari Afirka ta Yamma ba.

Idan saurayi da budurwa duka AS ne, dole ne a hana su aure?

A maƙwabciyarmu Najeriya jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma akwai masu ganin ya kamata mu bi sahu. Gwajin alheri ne ba shakka, amma lokacin yinsa shi ne komai. Sakamakon da ya fito bayan an kai goro, an biya sadaki, an sa rana, ba kasafai yake hana aure ba. Abin da yakan haifar shi ne ɓoye takarda ko neman ta bogi. Ya fi amfani kowane yaro ya san matsayinsa tun yana makaranta, kafin zuciya ta riga hankali. Bayan haka haƙƙin masoyan ne a zaunar da su a yi musu bayani dalla-dalla kan abin da rainon mai SS yake nufi, na wahala da na kuɗi, sannan su da iyayensu su yanke shawara da ilimi. A ganina hani da ƙarfin doka, a ƙasar da ake ɗaura aure da yawa ba tare da takarda ba, zai fi cutar da ƴan mata, domin su ne za a riƙa nunawa a unguwa. Mai AS yana iya auren AA hankali kwance, mai SS ma idan ya auri AA duk ƴaƴansu AS za su kasance, ba mai cutar a cikinsu. Limamai da masu ɗaurin aure suna da babbar rawa a nan, ta tambayar ko an yi gwaji ba tare da sun tona sakamakon a bainar jama'a ba.

An gano jaririna yana da cutar. Me zan fara yi?

Babban abokin gaban ƙaramin yaro mai sikila shi ne ƙwayoyin cuta, domin saifarsa, wadda ke tace jini daga irin waɗannan ƙwayoyi, takan lalace tun yana ƙarami. Saboda haka likita zai ɗora shi kan maganin fenisilin na sha kullum, daga wata biyu ko uku har ya kai aƙalla shekara biyar. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1986 ya nuna cewa wannan kaɗai ya rage munanan cututtukan jini da kashi 84 cikin 100. A cika masa duk alluran rigakafi, musamman ta ciwon huhu da ta sanƙarau. Ya kwana cikin gidan sauro kowane dare, a kuma karɓi maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida a watannin damina. Ana ba shi sinadarin folik don taimaka wa jiki ƙera jini, amma kada a saya masa maganin ƙarin jini mai ƙarfe a ciki sai gwaji ya nuna yana buƙata, domin ƙarancin jininsa ba na rashin ƙarfe ba ne. A yawaita ba shi nono da ruwa, a rufe masa jiki da hunturu, kada a yi masa wanka da ruwan sanyi da asuba. Ya kamata kuma ma'aikacin lafiya ya koya wa uwa yadda za ta taɓa gefen hagu na cikin yaron ta gane ko saifa ta kumbura.

Waɗanne alamu ne ba a jira gari ya waye a kansu?

Zafin jiki da ya kai 38.5 a ma'auni, ko da yaron yana wasa. Haka nan numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji tare da tari, da fari fat na tafin hannu da leɓe tare da kasala da kumburin ciki, wanda ke nuna jini ya taru a saifa, da karkacewar baki ko mutuwar hannu ko ƙafa ko sarƙewar magana ko da ta wuce bayan ɗan lokaci, da farfaɗiya, da ciwon kai mai tsanani. Ga samari akwai miƙewar gaba mai zafi wadda ba sha'awa ta kawo ta ba. Kunya takan sa su yi shiru, alhali idan ta kai sa'a biyu ya kamata a kama hanyar asibiti, domin bayan sa'a huɗu tana iya barin lahani na har abada. A jarirai kumburin hannu da ƙafa mai zafi shi ne sau da yawa alamar farko.

Me ya sa masu sikila ke kukan cewa ba a yarda da ciwonsu a asibiti?

Wannan shi ne koken da ya fi kowanne yawa, kuma yana da tushe. Ciwon sikila ba shi da rauni da za a gani, babu kuma gwajin jini ko hoton da ke auna zafinsa, don haka abin dogaro kawai shi ne maganar majinyaci. Wanda ya shekara ashirin yana fama ya san sunan maganin da ke yi masa aiki da adadin da ke kwantar masa da ciwo, amma da zarar ya faɗi sunan sai a fara yi masa kallon ɗan ƙwaya. Wanda kuma ya koyi danne azaba ya yi shiru, sai a ce ai da yana jin ciwo da an ji ihunsa. Ta kowace fuska dai shi ne a ƙasa.

Ba za a musa cewa shaye-shayen tramol ya yi wa matasanmu illa ba, kuma tsoron da ma'aikatan jinya ke yi ba na banza ba ne. Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa majinyaci laifin wasu. Ƙa'idar da masana suka amince da ita ita ce a ba mai tsananin ciwo magani mai ƙarfi cikin minti 30 zuwa sa'a ɗaya da isowarsa, a sake duba shi, a ƙara idan bai lafa ba, kuma morfin, wanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ne maganin irin wannan ciwo. Inda aka hana mutum magani a asibiti, ba haƙura yake yi ba. Wajen masu tallar magani yake komawa, ko ya koyi yi wa kansa allura a ɗaki, kuma ta nan ne sabo na gaskiya yake shiga, tare da gyambon da ba ya warkewa. Wato rowar maganin ita ke haifar da abin da ake tsoro.

Mafita mai sauƙi ita ce kowane majinyaci ya riƙe karne ko takarda mai sa hannun likitansa, wadda ta nuna nau'in cutarsa, yawan jinin da ya saba zama da shi, magungunan da ke yi masa aiki da waɗanda jikinsa ba ya karɓa, ta yadda ma'aikacin da ke aikin dare ba zai tsaya yana shakka ba. A gida kuma, idan ciwon bai yi tsanani ba, ana farawa da farasitamol, ruwa mai yawa, hutu da gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ban da ƙanƙara. Yawan shan irin su dikulofenak ba bisa umarni ba yana lalata ƙoda da ciki.

Ana maganar wani magani mai rage tashin ciwo. Mene ne shi?

Sunansa haidiroksiyuriya. Yana sa jiki ya ci gaba da ƙera irin himogulobin na jarirai, wanda ke hana ƙwayoyin lanƙwashewa. Binciken da aka yi kan manya a 1995 ya nuna ya rage tashin ciwo da kusan rabi, Amurka kuma ta amince da shi a 1998. An daɗe ana shakkar ko zai dace da yaran Afirka masu fama da sauro da rashin abinci mai gina jiki, har sai da aka gwada shi kan yara fiye da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna raguwar ciwo, masassarar sauro, ƙarin jini da mace-mace. A Kano ma an yi bincike da ya nuna yana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, wadda ke samun kusan ɗaya cikin goma na masu SS kafin su kai shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba. Akwai na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin kai ba tare da huda ba, kuma ana so a yi wa yaro wannan awo sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16 don a gane wanda ke cikin haɗari.

Wasu iyaye kan tsorata idan suka ji ana amfani da maganin a wasu nau'o'in ciwon daji. Adadin da ake ba mai sikila daidai nauyinsa ake auna shi, kuma ana bin sa da gwajin jini lokaci-lokaci. Ba a sha sai da umarnin likita, ba ya aiki nan take sai bayan watanni, kuma mace mai shirin ɗaukar ciki ta sanar da likitanta tun da wuri. Matsalarsa a nan ita ce tsada da yankewa: maganin da ake sha kullum ba shi da amfani idan wata ɗaya akwai, wata biyu babu.

Me ya sa jini ke wahalar samu, kuma wa zai iya bayarwa?

Buƙatar jini takan yi tashin gwauron zabo da damina, lokacin da masassarar sauro ke cika ɗakunan yara, ga kuma mata masu haihuwa. Cibiyar ƙarin jini ta ƙasa da ke Yamai da rassanta na jihohi ba su da wata masana'anta, abin da mutane suka bayar shi suke da shi, shi ya sa akan ce wa dangi su kawo mai bayarwa. Iyalin mai sikila kuwa an riga an ɗebi jinin duk wanda za a ɗeba, wasunsu ma AS ne, alhali an fi son a ƙara wa mai SS jinin da babu S a ciki. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk wata uku, mace duk wata huɗu, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Da masallatan Juma'a da ƙungiyoyin matasa da fadodin shan shayi na Tawa za su ɗauki wannan a matsayin sadaka mai zagayowa, da uwa ba ta tsaya a ƙofar asibiti da tsakar dare tana roƙon baƙi ba. A gefe guda, ba kowane ƙarancin jini ne ke buƙatar ƙari ba, kuma yawan ƙarin yana tara ƙarfe a hanta da zuciya, don haka a riƙa rubuta kowane ƙari da aka yi a karne.

Wa ke biyan kuɗin jinya, kuma me ya sa na karkara suka fi shan wahala?

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma matakin ya ceci rayuka. Amma jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗinsu yakan bar su ba magani, sai a miƙa wa uwa takarda ta je farmasi ta saya. Ranar da yaro ya cika shekara biyar kuma kyautar ta ƙare, cutar kuwa tana nan. Cibiyar ƙasa ta kula da masu sikila, wadda aka kafa da tallafin ƙasar Monako, tana Yamai, kimanin kilomita 550 daga birnin Tawa ta hanyar Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, ga wanda ya fito daga Keita, Buza ko Cintabaradan kuma tafiyar ta fi haka. Kuɗin mota, masauki da abinci sukan fi kuɗin maganin kansa. A ƙasar Adar akwai ƙarin nauyi: magidanta da yawa suna bida a Abijan, Libiya ko Najeriya, sai ciwo ya tashi da dare mace tana jiran izini ko jiran a turo kuɗi, awoyin da suka fi muhimmanci suna wucewa. Maigidan da zai tafi ya kamata ya bar izini a fili da ɗan abin da za a taɓa, ya kuma shaida wa iyayensa haka.

Abin da ya rage na hukuma ne: a ware ranar ganin masu sikila a babban asibitin jiha da asibitocin gundumomi, a horar da ma'aikatan cibiyoyin ƙauye, a buɗe rajista don a san yawan majinyata da inda suke, a sayi haidiroksiyuriya da fenisilin da yawa a lokaci ɗaya don farashi ya sauka, a kuma tsawaita jinyar kyauta ga mai wannan cuta bayan shekara biyar.

Yaya ya kamata makaranta da wurin aiki su riƙe mai sikila?

A bar shi ya shiga aji da gorar ruwa, a bar shi ya fita fitsari duk lokacin da ya nema, domin ƙodarsa ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran, kuma wannan ne ma dalilin da ya sa wasunsu ke daɗewa suna fitsarin kwance, abin da bai cancanci duka ko gori ba. Kada a tsayar da shi a rana ko a sa shi tsallen kwaɗo, a bar shi ya yi wasa gwargwadon ƙarfinsa, a taimaka masa ya cim ma darussan da ya rasa. Ƙanƙantar jiki da jinkirin balaga suna cikin cutar, ba sa nuna ƙarancin basira, amma idan yaro mai ƙoƙari ya fara mantuwa kwatsam a sanar da likita. Tura mai SS almajiranci wani gari, inda zai kwana a sanyi ba mai lura da zafin jikinsa, kasada ce da ransa. Ya yi karatun allonsa a gaban iyayensa. Manya kuma suna aikin ofis, koyarwa, ɗinki da kasuwanci kamar kowa, kuma korar ma'aikaci don ya kwanta jinya zalunci ne. Haka ma faɗa wa yaro cewa ba zai yi tsawon rai ba, ko ƙin kashe kuɗi a karatunsa saboda wannan zato: akwai masu cutar da suka haura shekara 50 da 60.

Mace mai sikila za ta iya haihuwa?

Za ta iya, amma cikinta na musamman ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan wannan batu a 2025, ta ce haɗarin mutuwa a dalilin ciki ya ninka sau 4 zuwa 11 a kan na sauran mata. Ta fara awo da wuri, ta haihu a asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata, ta kuma ba da tazara tsakanin haihuwa. Aurar da ita tun jikinta bai gama ginuwa ba ƙarin haɗari ne a kan haɗari.

Azumi fa?

Rashin shan ruwa na tsawon yini, musamman idan Ramadan ya faɗo a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, yana iya tayar da ciwo. Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya sauƙi, don haka a tambayi likita a kan ƙarfin jiki, a tambayi malami a kan ramuwa ko ciyarwa, kada kuma a matsa wa yaro da gori.

Maganin gargajiya yana taimakawa? Ana warkewa gaba ɗaya?

Addu'a ba ta hana shan magani. Amma ƙaho, tsaga da sakiya suna zubar da jinin da dama bai isa ba, suna kuma buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, haka ma cire beli. Kaciya kuwa a yi ta a asibiti bayan an auna jini. Duk mai tallar da ya ce jiƙonsa yana mayar da SS ya koma AA ƙarya yake yi. Hanyar warkewa da aka tabbatar ita ce dashen ɓargo, wanda aka fara yi wa mai sikila a 1984, kuma yana yin nasara ga kusan tara cikin goma na yara idan an sami ɗan'uwa shaƙiƙi da ɓargonsu ya dace, sai dai yana da haɗari da tsada mai yawa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wata sabuwar hanya ta gyara ƙwayoyin gado na majinyacin kansa, wadda kuɗinta a Amurka ya kai dalar Amurka miliyan 2.2, wato fiye da sefa biliyan ɗaya ga mutum guda.

Idan an wulaƙanta majinyaci ko an yi sakaci da shi, ina zai kai kuka?

A fara da neman shugaban ma'aikatan jinya na sashen ko likitan da ke bakin aiki, cikin ladabi amma ba tare da janye buƙata ba, domin abin da ake so a wannan lokaci shi ne a duba majinyaci. Bayan ya sami sauƙi a rubuta rana, lokacin isowa, lokacin da aka ba da magani na farko da abin da aka faɗa, a kai wa hukumar asibitin ko ofishin jin daɗin jama'a na cikinta, wanda kuma shi ne ke duba batun marasa ƙarfi da suka kasa biya. A cibiyoyin ƙauye akwai kwamitin gudanarwa da ke da wakilan gari a ciki, kuma ana iya gabatar da koke a zamansa. Iyalan da suka haɗa kansu a ƙungiya sun fi samun kunnen hukuma fiye da mutum ɗaya, kuma idan za su je, su tafi da karnen majinyatansu da rasiɗan magungunan da suka saya.